Bushiya da Akushin Tuwo

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, mu ji ta.

Bushiya gwanar daddawa ce, amma ƙafafunta gajeru ne, ba sa kai ta kasuwa. Ta sayar da gonar gadonta ta sayi kalwa, ta shiga neman abokin haɗa sana'a.

Sai Kura ta zo ta tsugunna a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, ga ni. Wa zai yi miki tayin wulaƙanci ina tsaye?"

Bushiya ta yi lissafi. In ta ƙi, ta zama kalaci. In ta yarda, jarinta ya tafi.

Ta ce, "Yaya, a gidanmu sai an ci tuwo akushi ɗaya ake ƙulla magana. Ga Jaki ma ya zo nema."

Suka zauna su uku. Kura ta share gabanta, ta share na Bushiya. Kura ta miƙa hannu gaban Jaki.

Jaki ya ce, "Baiwar Allah, ci gabanki."

Ta sake miƙawa. Ya juya ya harbe ta a muƙamuƙi, ta fita tana kururuwa.

Sannan ya raba ragowar tuwonsa biyu, ya tura wa Bushiya rabi.

Bushiya ta ce, "Malam Jaki, gobe kasuwa ke ci. Ka zo da wuri."

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.