Rijiyar Babban Duhu da Ta Ci Baba Mati

Akwai wani mutum mai suna Sammani a Tsaskiya, tun zamanin da Katsina take ƙarƙashin Sakkwato, kafin zuwan Turawa. Shi ne shugaban masu haƙar rijiya na yankin. Ya gaji aikin daga mahaifinsa, mutumin da har ya tsufa bai taɓa tura wani cikin rami ba sai da ya fara shiga ya duba da idonsa.

Sammani ya san aiki, amma tun da ya zama shugaba ya daina sauka. Yana zaune a inuwa yana ba da umarni. Wanda ya kawo shawara, sai ya ce raini ne.

A cikin mutanensa akwai Baba Mati, abokin mahaifinsa, wanda ya koya wa Sammani riƙe dagi.

Wata shekara aka yi ƙarancin ruwa a garin Babban Duhu. Mata suna yini a hanyar ɗebo ruwa, shanu suna mutuwa. Mai gari ya kira Sammani, shi kuwa ya yi alkawari a bainar jama'a cewa kafin azumi za a sha ruwan sabuwar rijiya.

Saura kwana uku azumi, an kai gaba goma sha biyu, Baba Mati ya fito daga ramin da ƙasa a tafin hannunsa. Ya ja Sammani gefe don kada kowa ya ji.

"Sammani, mun bar jan ƙasa, mun shiga rairayi. Bangon yana zuba. A dakata a tokare shi da itace. Mako ɗaya ya isa."

Sammani ya ɗaga murya har kowa ya juyo. "Ni na yi alkawari, ni zan ji kunya. In tsufa ya sa ka tsoro, Baba, ka koma gida. Gobe Kabo zai sauka."

Kabo matashi ne a cikin masu haƙar. Kwana huɗu ke nan da matarsa ta haihu, ko suna ba a yi ba.

Washegari da safe Kabo yana ɗaura igiya a ƙugunsa, Baba Mati ya zo ya kwance ta ya ɗaura a nasa.

"Kai je ka ja kwando," in ji shi. "Ni na san inda take zuba."

Sammani ya gani, ya kau da kai.

An fitar da kwando tara. Ana jiran na goma sai aka ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafa, ƙura ta taso daga ramin. Suka ja igiya, ta ƙi tahowa.

Ranar ce Sammani ya sauka rami bayan shekara shida. Da hannu ya riƙa tonawa, faratansa suna fita, yana kiran "Baba, Baba." Sai bayan la'asar suka kai gare shi. Sun same shi a durƙushe, rai ya yi halinsa.

Bayan an yi jana'iza, Sammani ya je gidan mamacin ya tsuguna a ƙofar ɗakin matarsa Saude.

"Inna, ni na kashe shi. Ya gaya mini, na ƙi ji."

Saude ta ɗago kai ta dube shi. Sannan ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Amma ya sani. Da safe sai da ya kira yaran nan ɗaya bayan ɗaya ya shafa kansu, abin da bai saba yi ba. Na yafe maka nawa, Sammani. Na yara kuwa ba ni da iko a kai. In sun girma ka tambaye su."

Sammani ya ajiye shugabanci. Mutanen suka zaɓi Kabo, shi kuwa ya roƙi a bar shi ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Kabo ya sa aka tokare bangon, aka gama rijiyar bayan sallah, ba wanda ko ƙwarzane ya yi. Kowace damina Sammani sai ya gama nome gonar marayun kafin ya taɓa tasa.

Duk wanda ya girma a cikinsu, Sammani yakan je ya durƙusa ya nemi gafara. Maza biyu suka yafe. Saura auta, Fanta, wadda aka bari tana goye.

Bayan ta yi aure a Wagini, ya taka da ƙafa ya same ta, gemunsa duk furfura. Ya ba ta labarin tun daga farko, bai rage komai ba.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Na yafe maka, Baba. Amma ka zauna ka gaya mini kamanninsa. Ni ban san fuskarsa ba."

Sammani ya buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinsa.

Darasi: In Allah ya ɗora ka a kan mutane, ka saurari wanda yake cikin ramin, domin ya fi ka ganin abin da ke ciki. Jin kunyar janye magana yana wucewa, amma ran da aka rasa ba ya dawowa. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, a gona, a kasuwa ko a ofis.