Sunan Wa Za a Sa a Kan Gyaran?

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ta sa ku gardama.

Injiniya Sallau shi ne shugaban sashen kwamfuta na wasu asibitoci da ke ajiye bayanan marasa lafiya a rumbu guda. Kwamfutoci da yawa ne, a garuruwa dabam-dabam, amma duk fayilolin rumbun nan suke gani, kuma kowane fayil yana da izininsa: wane ya karanta, wane ya gyara, wane ko leƙe babu. Sallau yana da ma'aikata uku da ya horar da hannunsa, Tabawa da Mantau da Kyauta, kuma ba ya gajiya da yabonsu.

Sai aka kori wani ma'aikaci, aka janye izininsa. Ya fita yana rantsuwa sai ya tona asirin duk masu karɓar maganin ƙanjamau. Kowa ya ce barazana ce kawai. Tabawa dai hankalinta bai kwanta ba. Ta janye wa kanta izini a kwamfutar hedkwata, ta hau mota ta tafi asibitin wani ƙauye, ta taɓa fayil ɗin masu karɓar maganin. Ya buɗe, sunaye reras. Nan take ta bugo waya: "Yallaɓai, ƙofar da muka kulle a hedkwata, a nan a buɗe take."

Mantau ne ya shiga can cikin zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin, wadda masana daga ƙasashe da dama suka haɗu suka rubuta. Ya bi umarnin da ke cikinta layi-layi har idanunsa suka yi ja, ya gano cewa kowace kwamfuta tana riƙe tsohon izini a ƙwaƙwalwarta, ba ta tambayar 'yan'uwanta ko an sauya. Ya rubuta gyara.

Sallau har ya miƙa hannu zai ɗora gyaran, Kyauta ta ce, "Yallaɓai, a ba ni in gwada tukuna." Ta haɗa kwamfutoci biyu, ta sa suka nemi fayil guda a lokaci guda. Sai suka cije, wannan tana jiran waccan, waccan tana jiran wannan. Da an ɗora shi haka, da likita a ɗakin tiyata ya nemi rukunin jinin majinyaci ya rasa. Ta sauya tsarin da suke bi wajen karɓar izini, komai ya tafi sumul.

Aka ɗora gyaran. Korarren ya lallaɓa wani asibiti da tsohuwar lambarsa ta sirri, fayil ya ƙi buɗewa, masu gadi suka yi waje da shi.

Sallau ya aika wa masu kula da manhajar gyaran, suka amsa da murna, suka ce gyaran zai shiga kwamfutocin duniya. Ranar har rawar kafaɗa ya yi a ofis. Amma sun ce gurbin mawallafi suna ɗaya yake ɗauka, sauran sai dai a gode musu a ƙasa. Ya dubi yaransa uku, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

To jama'a, Tabawa da ta gano ɓarakar, Mantau da ya toshe ta, ko Kyauta da ta hana gyaran zama masifa: da ku ne Sallau, sunan wa za ku sa?