Fis a Kan Taga

Ranar Asabar ce, a tsakiyar bazara. Zafi tun da safe, ko iska babu.

Akwai wani mutum mai gyaran firji da iyakwandishan. Tare da ƙanensa suke aikin. Ƙanen ma magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya. Mutumin nan yana da doka ɗaya. Duk gidan da suka shiga, kafin su taɓa waya, sai ya je akwatin wuta ya zare fis, wato abin nan da in an cire shi wuta ba ta shiga gida. Ba ya ajiye shi ko'ina. A aljihunsa yake sa shi.

Ƙanen yakan yi masa dariya. "Yaya, ko an ɗauke wuta sai ka cire? Wata rana da fis ɗin mutane za ka shiga coci."

Shi kuwa sai ya ce, "Wanda ya ɗauke bai gaya maka sa'ad da zai kawo ba."

A ranar nan wani maigida ya kira su. Surukansa za su zo da yamma, iyakwandishan ɗin falo kuwa ya ƙi yin sanyi. Injinsa na waje yana manne a bangon bene ta bayan gida, sai da tsani ake kai gare shi. Tun jiya babu wuta a unguwar.

Mutumin ya zare fis ya sa a aljihu. Maigida ya gani.

"Malam, ina za ka kai mini shi?"

"Yana nan, ranka ya daɗe. In mun gama zan mayar."

"Kayan gidana a aljihunka? Ka ɗauke ni yaro ne? Ajiye shi inda idona yake gani. Ba mai taɓawa."

Mutumin ya dubi maigida. Babban mutum ne, da furfura, ga shi ya ba su zoɓo mai sanyi da isowarsu. Kunya ta kama mutumin. Ya fito da fis ya ɗora a kan taga.

Ya ce, "Don Allah kada a mayar sai na faɗa."

"Na ji."

Ƙanen ya hau tsani, ya buɗe injin, ya duba. Ya leƙo ya ce, "Yaya, waya ce ta ƙone. Je ka sayo sabuwa, ni zan kwance tsohuwar."

Mutumin ya juya zai fita. Ya ga fis a kan taga. Ya ga maigida zaune kusa da tagar yana fifita. Ya wuce, ya hau babur, ya tafi kasuwa.

Yana can aka kawo wuta. Unguwa ta ɗauki ihu. Maigida ya tuna da naman baƙi da yake narkewa a firji. Bai zagaya baya ya duba ba. Bai ɗaga murya ya kira ba. Ya ce a ransa, bari firji ya ɗan kama, sai in sake cirewa. Ya mayar da fis.

Hannun ƙanen yana kan waya. Wuta ta kama shi, ta yar da shi daga tsani, ya faɗo kan siminti.

Bai mutu ba. Amma ƙugunsa ya karye, hannun dama kuma ya ƙone, likita ya ce ba zai ƙara riƙe kayan aiki da shi ba.

Maigida ya zo asibiti da lemo a leda. Ya ce, "Sai haƙuri. Haka Allah ya so."

Mutumin ya ce, "Allah ne ya mayar da fis?"

Maigida ya ajiye ledar lemo. Sai matar ƙanen, wadda take zaune a bakin gado, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ba a aljihu kake sa shi ba?"



To, ku ji ma'anar misalin nan, ba zan yi ta maimaitawa ba.

Fis ɗin nan ran ɗan'uwanka ne. Ubangiji ya sa shi a hannunka, bai sa shi a hannun taga ba. Mutumin nan ya san abin da yake daidai. Ya daɗe yana yin sa, har ana yi masa dariya. Ba rashin sani ya kayar da shi ba. Kunya ce. Ya ji tsoron ɓata wa babba rai fiye da tsoron binne ƙanensa. Irin wannan kunya ba ladabi ba ce, zunubi ne, kuma ta cika a cikinmu.

Maigidan kuwa mu ne. Kada ku dubi na kusa da ku. Mu ne muke kiran mai gyara, mu tsaya a kansa muna cewa yi sauri, baƙi suna hanya. Mu ne muke ba shi tsani mai rawa, mu shige ɗaki ba mu riƙe masa ba. Muna tuna da naman firji, muna manta da mutumin da yake saman bango, wanda yake da 'ya'ya kamar namu. In ya faɗo, sai mu sayi lemo, mu kira sunan Allah. Ku daina. Abin da hannunka ya yi, kada ka ɗora wa Allah. Shi ya ga wanda ya mayar da fis, ya kuma ga wanda ya bar shi a taga.

Ku masu wannan sana'a da kuke zaune a nan, an ɗauke wuta ba an kashe wuta ba ne. Ka cire da hannunka, ka riƙe a jikinka, ka gwada wayar kafin ka taɓa. In mai gida ya ƙi, ka tattara kayanka ka tafi. Wani aikin zai zo. Hannu ba ya dawowa.

Mutumin nan fa, washegari da safe ya koma gidan, domin injin yana nan a buɗe, wayoyi a warware, yara kuma suna wasa a ƙarƙashinsa. Maigida ya fito yana gaishe shi. Bai amsa ba. Ya je akwatin wuta, ya zare fis, ya sa a aljihu, ya ɓalla maɓallin aljihun. Sa'an nan ya jingina tsani.