Rariyar Iya Tasalla

Wai a wani ƙaramin filin jirgi aka yi sabon manaja da ya hana hayaƙi kowane iri. Ran nan ya tsaya a kan Iya Tasalla mai ƙosai a bakin ƙofa, yana zuƙar sigarin lantarki.

"Iya, daga yau ko ki soya ba hayaƙi, ko ki kwashe kaskonki."

"To, ɗan nan. Wannan da ke fita ta hancinka fa?"

"Tururi ne. Doka ba ta hana tururi ba."

Iya ta tura ice, ta miƙa masa rariya.

"Nawa a gauraye suke tashi. Kai da ka san bambancinsu, tace hayaƙin ka tafi da shi, ka bar mini tururina."

Har yau kaskon na nan. Rariyar ma tana rataye, tana jiran manaja.