Yashin da Aka Sake wa Suna

A Japan ta zamanin da, in bala'i ya sauka, sarki kan sake wa zamanin suna, wai masifa ta kau. Wata shekara da fari ya tsananta aka yi hakan, sai wani hakimi mai tumbi ya kira wata manomiya mai suna Kurome gaban manzon sarki.

"Yunwa ta tafi tare da tsohon suna," in ji hakimi. "Ki kawo shinkafa gobe, ko in ƙwace gonarki!"

Washegari ta dire masa akushin yashi.

"Ke, yashi ne wannan!"

"Ranka ya daɗe, na sake masa suna, shinkafa ce yanzu. Ko sake suna ba ya canja komai?"

Manzon sarki ya zuba wa hakimi ido, ya ji ko zai ƙaryata sarki. Hakimi ya kai loma, yana taunawa ƙaras-ƙaras.

"Akwai ƙari," in ji Kurome.