Tauraron da Sarki Ya Kira Shaida

An ce wani sarki yana da ɗa tilo, Shu'aibu, wanda ya bi ayarin gishiri zuwa arewa. Kafin ya tashi ya nuna wa mahaifinsa wani ɗan tauraro dushi-dushi, ya ce, "Baba, duk inda na sauka shi zan riƙa kallo. Kai ma ka kalle shi."

Ayari ya dawo babu Shu'aibu. Madugu Jatau ya rantse guguwar rairayi ce ta raba su, kwana tara ya yi yana nema. Sarki ya sa aka tsare shi.

Allah ya raba mu da jiran ɗa. Shekara biyu, ana idar da magariba sai sarki ya hau soro. Tauraron kuwa ba ya zama a hali ɗaya. Ran da ya ɗan haska, sarki ya sauko ya ci tuwo. Ran da ya dushe, yadda aka kai akushi haka ake dawowa da shi.

Sarki ya tara masana taurari. Suka duba ta cikin dutsen ƙarau, suka ga wani jan zare a haskensa. Wani ya ce ƙato ne mai nisa, ƙuruciya ke cinsa. Wani ya ce a'a, ƙarami ne na kusa, tsufa ya kama shi, mutuwa zai yi. Sarki ya gaji, ya rantse cewa in ta tabbata mutuwa tauraron yake yi, to ɗansa ya rasu, Jatau kuma zai bi shi.

Hankalin waziri ya tashi, ya kawo Arzika, wani tsohon jagoran ayari da yanzu tufkar igiya ce sana'arsa.

Sarki ya ce, "Baba, tauraron nan rayuwa yake ko mutuwa?"

"Ya sarki, idona ya yi rauni. Ara mini naka. Mu hau ganuwa."

Suka hau da almuru. Tsoho ya nuna wuta biyu a daji. "Wacce ta fi girma?"

"Ta dama mana. Ta hagun nan ai fitila ce da mai ya ƙare mata."

"A aika a gano."

Mahayin dama bai daɗe ba ya dawo yana lasar baki. Wata mata ce ke suyar ƙosai a bayan ƙofar gari. Na hagu sai washegari da azahar ya iso, doki ya jiƙe sharkaf. Ya ce manoma ne ke ƙona sassabe, wutar ta cinye daji guda.

Arzika ya ce, "Mu 'yan ayari ba ma yi wa wuta suna sai mun ji ɗuminta. Waɗannan a ƙasarka suke, ya sarki, ka kuskure. Wane doki za ka aika sama?"

Sarki ya ce, "To Shu'aibuna fa? Yana raye?"

"Ban sani ba. Wallahi da na sani da na faɗa maka. Jatau dai na san yana raye. Na kuma san uwarsa, Inna Kande, kullum tana bakin gidan yari da fura, dogarai suna kora ta."

Sarki ya rufe fuska da hannun riga. Da ya ɗago, da kansa ya tafi aka kwance Jatau, ya kama hannunsa ya miƙa wa tsohuwar. Ita ko sai shafa kansa take yi tana cewa ya rame.

Jatau ya nemi raƙuma shida, ya ce in ya murmure zai koma nema. Sarki ya ba shi, ya juya ga waziri ya ce, "Rubuta, don na bayana: kewa tana da izinin kallon nesa, amma adalci ba ya yanke hukunci sai inda ƙafarsa ta taka."