Ramin da ke jikin baƙin gilashi

Akwai wani mutum da ake kira Manaja, wanda Allah ya buɗa masa har ya sayi mota. Abu na farko da ya yi shi ne sa mata baƙin gilashi, don kada mutanen tsohuwar unguwarsu su gan shi su tsayar da shi.

Mahaifiyarsa, Inna, tana gidansa tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ba ta fita sai ranar asibiti, kuma hanyar ta tsohuwar unguwar take bi.

Wata rana ya tarar an ɓare baƙar ledar da aka liƙa wa gilashin baya, ɗan rami kamar kwabo. Ya tsaya a tsakar gida yana ta faɗa, wai duk wanda ya yi wannan bai san darajar abu ba, talauci ne a jininsa.

Ranar asibiti ta zagayo. Ya lura Inna ta cusa hannuwanta cikin mayafi, ta rufe ido har suka dawo.

A nan matarsa ta gaya masa gaskiya. Inna ce ta kankare da farce. Idonta ya yi rauni, ba ta gani ta cikin duhun nan, kuma ta ramin take leƙen aminiyarta da ke zama a ƙofar gida a tsohuwar unguwar.

Manaja bai kai wa kowa aikin ba. Da kansa ya ɗauko reza da ruwan sabulu, yana ɓare ledar, gam yana manne masa a yatsu, maganarsa tana dawo masa a kunne. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mako na gaba ya tsaya a ƙofar gidan aminiyar Inna. Ta dafa motar, ta leƙo, ta ce, "Ashe ta nan kuke wucewa, ba ku taɓa tsayawa ba?"

Manaja ya buɗe baki, Inna ta riga shi.

"Kada ki ga laifin yaron nan. Kullum yana so ya tsaya, ni ce nake hana shi."

Ya sunkuyar da kai a kan sitiyari. Da zaginsa Inna ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Darasi: Labulen da ka sa don ka ɓuya wa mutane, wani naka yake tsare wa haske. Ka bincika kafin ka saki baki, domin magana zarar bunu ce. Ku tura wa duk mai mahaifi a raye.